Ajiyar da Na Bi Har Garwa

Tun da na dawo daga Garwa ban huta ba. A majalisarmu ta ƙofar shagon tela a unguwar Ɗan Iya, nan Bauchi, duk wanda ya zo sai ya ce, "Lawal, ya Kamaru? An ce ka je ganin gajimare." Wani labarin abinci yake so, wani na jandarma, wani kuma so yake ya ji ko gaskiya ne na kwana da kwamfuta a ƙirji. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya fita da labarin sai ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Waɗanda suka san ni sun san halina. Ko ruwa aka ba ni sai na leƙa cikin kofin. Sarkin Zargi suke ce mini a majalisa, ban kuma taɓa jin haushi ba, don har yau ba a taɓa sayar mini da waya mai bulo a cikin kwali ba, su kuwa an yi wa biyu daga cikinsu.

Aikina kula da kwamfutoci ne a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Bayanan marasa lafiyarmu ba a cikin ginin suke ba. Hayar injina muke yi a kilawud, gajimare ke nan da Turanci, wato kwamfutocin wani babban kamfani a wata ƙasa, ba mu taɓa ganinsu ba, ta intanet muke shiga. Kowace rana ana ɗaukar kwafinsu a kai wani rumbu daban, don in wani abu ya same su a dawo da su daga can. Wannan rumbu ba ni na kafa shi ba, kuma ba ni da hanyar shigarsa. Iyakacin abin da nake gani saƙo ne mai koren alama da ke shigo mini kowace safiya, wai an yi ajiya lafiya. Ni kuwa ajiyar da ban taɓa ganin an buɗe ta ba, ban yarda da ita ba.

Mai asibitin ita ce Dakta Asma'u. Ita da mijinta marigayi Dakta Sa'idu suka kafa shi, ya rasu a hatsarin mota kafin a ɗauke ni aiki. Wanda ya kafa musu rumbun kuwa wan marigayin ne, Injiniya Hamidu, wanda ya daɗe da komawa Garwa da zama, garin matarsa. Sau da yawa na ce wa Dakta mu roƙe shi ya dawo mana da inji ɗaya daga rumbun mu gwada. Sai ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Lawal, ka taɓa ba babba ajiya ka koma ka ce ya fito da ita ka gani? Wan mijina ne fa. Ko sunansa ba na faɗa."

Abin da ya canja mata ra'ayi shi ne abin da ya sami wani kantin magani a layinmu. Ɓarayin intanet suka kulle musu komai, suka wayi gari ba su san wa ke shan wane magani ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ta kira ni ofis ta rufe ƙofa.

"Za ka je Garwa," ta ce. "Irin wannan magana ba a yin ta a waya. Ka kai wa Yaya Babba gaisuwa, ka zauna, ka ci abincinsu. In ka ga fuska, ka roƙe shi ya nuna maka yadda ake buɗewa. Kada ka yi masa wannan kallon naka."

"Wane kallo, Dakta?"

"Wanda kake yi mini yanzu."

Har na kai ƙofa ta sake kirana, muryarta ta yi ƙasa. Ta ce akwai tsohon injin farko, na shekarun da marigayi yake duba marasa lafiya. Shi ba ya son rubutu, da baki yake faɗar bayanin mara lafiya a naɗa. Da aka canja manhaja ta ba da izini aka goge injin, tunda akwai kwafinsa a rumbu. "In an buɗe," ta ce, "ka zo mini da muryar, ko naɗi guda ɗaya." Ta jawo fayil ta hau dubawa.

Da sassafe na shiga motar Yola da jakar laftof a ƙirji, da galan na zuma da hula da turare, tsarabar Dakta. Direba ya ce in kawo jakar a sa a but. Na ce ko gawata ba za ta rabu da ita ba. Wata mata mai jiki da ke kusa da ni ta kwashe da dariya.

"Kai malam, wannan jaka ka aure shi ne? Ko sadaki ne a ciki?"

Ita ce Madam Saratu, 'yar Bogoro, mai kai atamfa Garwa ta dawo da kayan ƙamshi. Kafin mu kai Alƙaleri ta san sunana, ta san inda nake aiki, ta san inda za ni. Ni kuma na riga na yanke a raina cewa tambayoyin sun yi yawa. A Gombe ta sayi dafaffen ƙwai ta miƙo mini ɗaya, na ce ina azumi. Bayan Kaltungo yunwa ta ci ƙarfina, na juya wajen taga na ɗan jefa dabino a baki, ashe tana gani ta gilashi.

"Azumin naku na Ɗan Iya gajere ne," ta ce. "Allah ya karɓa."

A gadar Numan masu soyayyen kifi suka yi wa motar caa. Nan dai na saki jiki na saya da kaina, bayan na sa yarinyar ta juya mini shi gaba da baya. Muka shiga Jimeta rana ta yi sanyi. Madam Saratu ta nuna mini masaukin da take sauka kusa da tasha. Saboda ita ta nuna, sai na ƙi shi, na tsallaka titi na kama wani. Ɗakin da na samu ba ruwa a famfo, fanka na kuka kamar injin niƙa, sakatar ƙofa kuma a hannuna ta fita. Na tokare ƙofar da kujera. E, gaskiya ne, da jakar na kwana a ƙirji. Da safe na tarar da ita a tasha ta yi wanka ta sha hoda, ta dube ni ta ce, "Sauro ya gaishe ka, na gani a goshinka."

Daga nan muka bi ta Fufore zuwa bakin iyaka. Ban san hanya ba, don haka dole na bi ta, ina yi ina lura da wanda take yi wa magana. Ta kai ni wurin wani mai canji da ta sani. Da ya miƙo mini sefa, kuɗin Kamaru, na ɗaga kowace takarda a rana ina dubawa, alhali ban taɓa ganin ta gaskiyar ba balle in gane ta jabu. Mutumin ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ta da Fillanci ko lafiyata ƙalau. Ɗan Fillancin da na tsinta a kasuwar Bauchi ya ishe ni in gane.

Sai kogi. Ba wanda ya gaya mini akwai kogi. Kwale-kwale ne ake loda wa mutane da buhuna har da babura, bakinsa saura kaɗan ya sha ruwa. Na naɗe jakar a leda, na sake naɗe ta a wata, na ɗora a ka. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Madam Saratu kuwa gyaɗa take ɓarewa tana zuba ɓawon a ruwa.

A ɗaya gefen jandarma ya karɓi takarduna da katin rigakafi, ya nuna jakar ya yi magana da Faransanci. Zuciyata ta ce shi ke nan, an zo wurin, dama da shi aka haɗa baki. Madam Saratu ta ce cewa ya yi in kunna kwamfutar. Na kunna. Ya ga ta kawo haske, ya gyaɗa kai. Ya buɗe galan ɗin zuma ya sansana, ya ce wani abu, abokan aikinsa suka yi dariya, ya rufe ya miƙo mini. Ban rasa ko allura ba. Na tambaye ta me ya ce. Ta ce cewa ya yi zumar ta fi mai ita fara'a.

A tashar Garwa muka rabu. Ta tsayar mini da ɗan acaba, ta kwatanta masa unguwar da Fillanci, ta ba ni lambarta ko da zan ɓata. Na yi mata godiya, amma ban fasa laluba aljihuna ba bayan ta juya. Komai na nan.

Garwa gari ne mai zafi, ya fi namu nesa ba kusa ba. Abu na farko da ya ba ni mamaki burodinsu ne, dogo kamar taɓarya, mai tauri, mutum ya saƙale shi a hammata ba ko leda ya hau babur. Da shi suke karyawa, kuma in ka saba yana da daɗi, sai dai ranar farko ya yanke mini dasashi. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, kuma a hankali suke yin ta, ba irin tamu da ake yi ana tafiya ba. Soket ɗinsu kuma ramuka biyu ne zagayayyu, cajata mai ƙafa uku ta ƙi shiga ko'ina. Layin wayata ma tun daga kogi ya mutu. Na zo aikin kwamfuta ƙasar mutane, ga ni ba wuta ba waya.

Injiniya Hamidu ya tarbe ni a ƙofar gida da kansa. Dogo ne, siriri, gemunsa fari fat, yana magana kamar mai tsoron tada barci. Ya karɓi tsaraba ya sa albarka, ya tambayi Dakta da yara ɗaya bayan ɗaya. Matarsa, wadda kowa ke kira Dada, ta sauke ni a ɗakin baƙi mai tsabta, ta kawo tuwon shinkafa da miyar yakuwa da kifin Binuwai wanda ban taɓa cin irinsa ba. Da na ambaci caja ya aika aka sayo mini mahaɗi. Da na ambaci aiki ya ce, "Ɗana, baƙo ba ya aiki ranar da ya sauka."

Washegari ya ce Juma'a ce. Wanshekare ya ce sai na ga kasuwa. Daga kasuwa ya kai ni bakin kogi in ga dorina, muka tsaya a rana muna kallon wani baƙin abu da ya ce kanta ne, ni dai dutse na gani. Kullum da dalili, kullum kuma Dada na ƙara mini kifi. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Injiniya guda, a ce tun zuwana ban ga ya buɗe kwamfuta ba? Ga ta nan a kan teburin falo an lulluɓe ta da ƙyalle.

Na fara lissafin abin da zai iya kasancewa. Ko ya bar rumbun ya mutu tuntuni, saƙon koren nan shi ke turo mana da hannu. Ko ya sayar da bayanan marasa lafiyarmu. Ko kuma riƙe makullin yake yi don wata rana ya ce asibitin ƙaninsa gado ne. Wata safiya na ji su shi da Dada a tsakar gida suna magana ƙasa-ƙasa, na tsinci sunan Sa'idu da kalmar baƙo, da na fito suka yi shiru. Na ce biri ya yi kama da mutum. Ranar ko kunun gyaɗar da ta kawo sai da na jira ya fara sha.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk kwanan da na yi ina cin kifi, asibiti na can a kan ajiyar da ba wanda ya san gaskiyarta. In ɓarayin nan suka waiwayo mu a ranakun, da me zan koma?

Da safe bayan mun karya na fito da jakata na ajiye a falo. Na san Dakta ta hana ni, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Baba," na ce, "na gode da karamci. Yau zan koma. Ko dai ka buɗe mini rumbun nan in gani da idona, ko in je in ce wa Dakta na zo ban ga komai ba."

Dada da ke kwashe kofuna ta tsaya cak. Na ji kunyar kaina, don ban taɓa yi wa sa'an mahaifina magana haka ba, amma ban janye ba. Injiniya ya dube ni. Sannan ya miƙa hannu ya yaye ƙyallen.

Rumbun na nan. Wannan ne ya fara ba ni kunya. Ga kwafin injinanmu a jere har na asubahin ranar, ga kuma tsohon injin marigayi a can ƙasa. Ba abin da ya ɓata. Ya zaɓi ɗaya ya danna a dawo da shi. Sai wani ɗan akwati ya fito yana neman kalmar sirri. Ya ɗauke hannuwansa daga kan kwamfutar ya ɗora a gwiwa.

"Bismilla, Baba," na ce.

"Ba ni da ita."

Na yi zaton ban ji daidai ba. Ya ce irin wannan rumbu kamar kwaɗo yake, kowa na iya danna shi ya kulle, buɗewa ce sai da makulli. Shi ya sa kullum ajiya ke shiga, kullum koren saƙo ke zuwa, ba abin da ke fita.

"Ranar da muka kafa shi," ya ce, "da aka zo wurin kalmar nan, sai na tura wa Sa'idu kwamfutar na juya baya. Asibitinsa ne, sirrin marasa lafiyarsa ne. Ban so ya ga kamar don na girme shi zan riƙe masa wuya ba. Ya rubuta, ya ce, 'Yaya, zan ba ka ita ka adana.' Na ce ba gaggawa. Daga baya na ji nauyin in tambaya, shi ma ina jin ya ji nauyin ya tuna mini kamar bai yarda da ni ba. Sai aka bugo mini waya daga hanyar Jos."

"Dakta fa? Ba ta sani ba?"

"Ta ɗauka tana wurina. Tana cikin takaba zan je in ce mata me? Da ta fita na ce bari in ci gaba da gwadawa tukuna, wataƙila in dace. Ina cikin gwadawa na ji an goge tsohon injin." Ya shafa gemunsa. "Daga ranar bakina ya mutu."

Kada ku ɗauka nan take na yarda. Ni ne fa. Na ce a raina tsoho ya iya wasan kwaikwayo. Na jawo kwamfutar gabana ba tare da neman izini ba, na shiga inda injin ke rubuta duk wanda ya taɓa ƙoƙarin buɗewa. Na yi ta gangarawa ban kai ƙarshe ba. Gwaji ne bayan gwaji, duk an ƙi karɓa, tun daga makon rasuwar har zuwa jajibirin zuwana. Dada ta ce da Hausarta mai karyewa, sunan uwarsu ya gwada, da na kakanni, da na unguwar da aka haife su, har da sunan wata akuya da suka yi kiwo suna yara.

Na zo da shirin kama ɓarawo, na ma tanadi abin da zan faɗa masa. Ban tanadi komai ba don dattijon da ya juya baya saboda kara. Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma bai sake ni ba, don shekara da shekaru asibiti guda na tafiya ba ajiya saboda kowa na jin nauyin kowa. Na mayar da jakata ɗaki.

A ranar muka kafa sabon rumbu, ni da shi. A nan na ga injiniyan da ake faɗa. Muka zaɓi wata ƙasa daban da wadda injinan suke, don kada gobara ɗaya ta cinye duka. Muka sa kowane inji a ciki, muka tsara a riƙa ɗaukar kwafi kullum, a riƙe na kwanakin baya da na watannin baya. Muka sa masa kariyar da ko mai makulli ya ce a goge, ba zai gogu nan take ba sai an yi kwanaki ana jira. Wannan ni na nace a kansa, ya dube ni ya ce, "Saboda ni?" Na ce, "Saboda ni ma, Baba."

Kafin a gama sai da aka nemi lambar tabbatarwa, ita kuwa wayar Dakta take zuwa. Na ari wayarsa na kira ta. Ta karanto mini lambar, sannan ta ce, "Lawal, an buɗe?"

Na dubi Injiniya. Ya girgiza kai a hankali.

"Ana kan aiki, Dakta. Sai na dawo."

Da na kashe ya ce, "Ba kai za ka faɗa mata ba. Irin wannan magana ba a yin ta a waya, ba a kuma ba ɗan aike."

Da aka zo wurin sabuwar kalmar sirri, sai na ga ya fara juya kujerarsa. Na riƙe hannun kujerar. Na ce, "Baba, yau kam kallo za ka yi." Muka rubuta tare. Da kwafin farko ya kammala muka dawo da inji ɗaya daga ciki, ya tashi, na buɗe fayil ɗin wani mara lafiya da na sani na ga sunansa da maganinsa. Tun da na fara aikin nan ranar ce na fara yarda da launin kore.

Tare muka dawo da Injiniya. A kwale-kwale shi ya riƙe mini jakar, na kuma bar masa. Har muka iso Bauchi bai ci komai ba a hanya sai ruwa.

A gidanta muka sami Dakta da la'asar. Da ta ga wanda ke bayana ta ja mayafi ta sauka daga kujera ta zauna a kan darduma, ta gaishe shi kanta a ƙasa. Ya ƙi hawa kujerar shi ma, ya zauna a ƙasa daga bakin ƙofa. Na so in fita, ya ce in zauna, ni ne shaida. Ya faɗa mata duka, bai rage ba, bai kuma nemi uzuri ba.

Ta saurare shi har ƙarshe. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Yaya, da na tambaya tun farko, da ba ka ɗauki wannan kai kaɗai ba." Ta juyo wurina. "Lawal, daga yau duk ƙarshen wata za a buɗe ajiya a gabana, ko ana zargi ko ba a yi. In ranar ta zama doka, ba wanda zai ce don shi aka tambaya."

Na ce to. Sai kuma halina ya motsa, don aiki aiki ne. Na ce tsohon rumbun fa, tunda ba mai iya buɗe shi har abada, kuma haya ake biya a kansa, ai gara a goge.

"Abin da ke ciki yana nan?" ta tambaya.

"Yana nan, Dakta. A kulle."

"Muryar ma?"

"Har ita."

Ta gyara mayafinta.

"A daina zuba masa sabo. Amma kada ka taɓa shi. Marigayi ne ya kulle shi da hannunsa."

To, ku masu tambaya, abin da na je gani Garwa ke nan. Ƙarshen watan da ya wuce mun buɗe sabon rumbu a gabanta, komai ya fito daidai, Injiniya na kan waya yana ji. Tsohon kuma yana nan a ƙasan allo. Duk safiya in na shiga sai na gan shi, ban san abin da ke ciki ba, ba zan kuma taɓa sani ba. Shi kaɗai ne abin da ke rufe a duniyar nan da ban taɓa zargi ba.